Ina Ruwan Zai Bi?

Jiya muna tsaka da awon harsashin gidan nan na bayan kasuwa ka jefo mini tambaya a gaban mai aikin, na ce ka bari sai mun natsu. Kada ka ɗauka share ka na yi, ɗana. Irin wannan tambaya ba a amsa ta a tsaye da igiyar awo a hannu. Cewa ka yi: "Maigida, tunda kowace damina gidajen ƙasa ne ke zubewa, me ya sa har yanzu kake sa ni koyon aikin ƙasa? Kuma me ya sa ka ƙara layi uku na bulo a harsashi, ka hana a shafe tsakar gida da kankare, alhali mutumin nan yana kukan kuɗi?" To, zauna ka ji, don duka maganar ruwa ce.

Na fara ɗaukar kwanon sarki a bayan mahaifina, Allah ya jiƙansa, a 1983, ana saura shekara ɗaya farin 1984. Shi kuma ya riga ya sha na 1973. Ka ga ke nan mu da ake kira manyan magina yau, a shekarun ƙishirwa muka koyi aiki, kuma awon da ya zauna mana a ka awon fari ne. Mun ga kwari ya shekara goma ruwa bai kwana a cikinsa ba, aka yanka filaye aka sayar, aka kira mu muka gina. Mun ga fadama ta bushe har yara suna buga ƙwallo a inda kakanninsu suka kama kifi. Da madatsar Bagauda ta ɓalle a watan Agustan 1988, a daminar da ruwa ya ci gidaje masu yawa a Kano, mun ɗauka tsautsayin shekara guda ne, muka koma kan awonmu na da.

Ruwan ya dawo, amma da wani hali. Da can hadari kan haɗu, ya zuba, ya tsagaita, ƙasa ta sha, bayan kwana uku ko huɗu wani ya zo. Yanzu sai a yi sati biyu ana kallon sama, shuka tana yaushi, sannan dare ɗaya ya sauke abin da ya kamata a raba wa wata guda. Wani injiniya da muka yi aikin gada tare ya taɓa warware mini dalilin a sauƙaƙe: duk sa'ad da zafin iska ya ƙaru da digiri 1, takan iya riƙe ƙarin danshi kamar kashi 7 cikin 100, kuma abin da ta ɗauka dole ta sauke. Ya ce masu bincike sun bi hotunan tauraron ɗan'adam tun daga 1982, suka fitar da sakamako a 2017 cewa manyan hadura masu ƙarfi a yankin Sahel sun ninka sau uku. Shi ne abin da suke kira sauyin yanayi. Na yarda da shi nan take, domin bangayen da nake gyarawa kowace kaka sun riga sun gaya mini haka.

A 2022 ambaliya ta kashe sama da mutum 600 a Najeriya, Jigawa tana cikin jihohin da suka fi ɗanɗana kuɗarsu. A watan Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle, Maiduguri ta wayi gari cikin ruwa, shekara 30 bayan irin haka ta faru a 1994. A daminar 2024 ɗin ce kuma ruwa ya yanke titin Kano zuwa Maiduguri a ƙasar Katagum. A ƙarshen watan Mayun 2025 kuma ka ji ambaliyar da ta afka wa Mokwa a jihar Neja. Ka lura, cikin abin da ruwan ya tafi da shi akwai kwalta, akwai kankare, akwai rodi. Ban musa maka ba cewa gidajen ƙasa sun fi yawa a cikin masu faɗuwa. Har tsohon masallacin Damagaram, da ya haura shekara ɗari da hamsin a tsaye, ya zube a daminar 2024, kuma ranar da na ga hotonsa abinci bai shiga mini ba. Amma gidan ƙasa shi ne gidan talaka, shi ke zaune a kwari inda fili ya fi araha, shi ne kuma ake shekara biyar ba a yi masa yaɓe ba.

Ɗauki biro mu yi lissafi, don ina so wannan ya zauna maka fiye da komai. Ruwan sama milimita 1 a kan fili mai faɗin mita 1 da tsawon mita 1, lita 1 ne cif. Filin da muke kai ƙafa 50 ne da ƙafa 100, wato kamar mita 15 da mita 30, ka ninka ka samu 450. In aka yi ruwa milimita 50, wanda yanzu ba abin mamaki ba ne a yi shi cikin awa ɗaya ko biyu, lita 22,500 ke nan ta sauka a gida ɗaya. Durom mai lita 200 sama da 110. Yanzu ka rufe rabin filin da kwano, sauran rabin ka shafe da kankare. Ina ruwan zai bi? Ko cokali ɗaya ƙasa ba za ta sha ba, duk ta ƙofar gida zai fita. Ka ƙirga gidajen layin nan, gida 40 ne, kowanne yana turo nasa a lokaci guda cikin lambatun da aka gina tun unguwar tana gonaki.

Kakanninmu sun san wannan lissafi ko da ba su rubuta shi ba. Duk inda aka haƙi ƙasar gini a cikin birni, rami ya rage, shi ne kududdufi. Gidan ya fito daga ramin, ruwan gidan kuma ya koma ramin. Kowace unguwa tana da nata, lunguna suna gangara zuwa gare shi, in ya cika ya miƙa wa na gaba, har a kai rafin Jakara. Yana tara sauro da shara, ba na ɓoye wannan, kuma yara sun sha halaka a ciki. Amma da aka zo magance shi, sai aka cike da bola aka yanka filaye, ba a tanadi inda ruwansa zai koma ba. Yau injiniyoyi a manyan biranen duniya suna kashe kuɗi masu yawa suna haƙa tafkunan riƙe ruwan sama don ya jira kafin ya shiga magudana. Mu mun gaje su kyauta muka binne. Duk kududdufin da ya rage a unguwa, in da ni ake shawara, a yashe shi, a kewaye shi da katanga saboda yara, a yi masa mashiga da mafita, a bar shi ya yi aikinsa.

Shi ya sa na hana kankare a tsakar gidan. Za mu yi daɓe a bakin ɗakuna da hanyar kicin da banɗaki, inda ƙafa ke bi. Sauran mu zuba tsakuwa da yashi, ko mu jera intalok a kan yashi ba tare da siminti a ƙarƙashi ba, a bar gurbin bishiya biyu. A can kusurwar da ta fi gangara za mu haƙa ramin shanye ruwa, mu cika shi da fasasshen dutse, nesa da harsashi da aƙalla mita 5, kuma nesa da rijiya da masai. Wannan yana yiwuwa ne don ƙasar wurin jigawa ce mai shan ruwa. Da taɓo ne, ko inda ruwan ƙasa ke kusa, ba zan haƙa ba, sai in nemi wata dabara. In mai aikin ya samu hali ya sa tanki a ƙarƙashin bakin kwano, ya rage wa titi kaya, ya kuma rage wa kansa kuɗin mai ruwa.

Yanzu ga maganar ƙasa. In ka je inda gida ya faɗi, kada ka tsaya a taron masu jaje kawai, zagaya ka duba ta ina ya fara. Cikin goma, mafi yawa daga ƙafa ne. Titi yana hawa kowace shekara, ana zuba burji, ana zuba shara, har gidan da aka gina a kan tudu ya koma rami. Ruwa ya kwanta a gindin bango kwana biyu, ƙasar ta jiƙa ta koma abin da take tun farko, nauyin sama ya danne, shi ke nan. Saura kuma daga kai ne: indararo ya toshe ko ya karye, ruwa ya taru a kan soro, ya bi tsaga ya shiga cikin bango, azara ta ruɓe a inda take kwance. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa ma haka.

Akwai kuma ɓarnar da mu magina muka yi da hannunmu, wato shafe bangon ƙasa da filastar siminti. Mai gida yana murna gidansa ya yi kama da na bulo. Amma ƙasa tana numfashi, tana shan danshi tana fitarwa, siminti kuwa ba ya barin ta. Danshi ya hau daga ƙasa, ya rasa mafita, ya zauna a bayan filasta yana cin bango a ɓoye. Ka ƙwanƙwasa ka ji yana amsawa kamar ganga. Ran da zai faɗi ba ya sallama. Magabata da makuba suke yaɓe, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, soron masu hali kuma a yi masa laso, haɗin katsin marina da gashin jima da dafara. Waɗannan suna korar ruwan sama amma suna barin bango ya sha iska. Sharaɗinsu ɗaya, a riƙa sabuntawa. Da rani ya yi, kowane gida ana kwaɓa ƙasa, maƙwabta suna taya juna. Wannan al'ada ita ta mutu, ginin ya bi ta.

Layi ukun da na ƙara kuwa, wata asara ce ta koya mini, kuma zan gaya maka ita don kada ka maimaita. Shekaru da suka wuce an ba ni aikin kwalbati a bakin wani layi. Na duba hanyar ruwan da rani, na ga 'yar siririya ce, na ce zobe mai ƙafa 2 ya isa. Wata tsohuwa da ke zaune a ƙofar gidanta ta ce mini, "Malam magini, ruwan nan fa yakan kai nan," ta nuna wani tabo a jikin katangarta, ya kusa kai mini gwiwa. Na ce mata wannan tsohon zance ne. Damina biyu aka yi lafiya. A ta uku aka yi ruwan dare, zoben ya cika, leda da yashi suka ƙarasa toshe shi, ruwa ya juya ya shiga gidan tsohuwar nan ya kayar mata da ɗaki biyu. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Na sake gina mata ɗakunan, amma hatsinta da kayan ɗakin jikarta ba su dawo ba, kuma har yau in na bi layin sai ƙirjina ya yi nauyi.

Tun daga ranar, kafin in kafa turke ɗaya a fili, sai na nemi alamar ruwa. Tana jikin tsofaffin katangu, tana jikin bishiya inda yayi ya maƙale, tana bakin tsofaffin unguwa, musamman mata, don su ke kwashe ruwan in ya shiga ɗaki. In na sami inda ruwa ya taɓa kaiwa a shekarar da ta fi muni, sai in ɗora daɓen ɗaki sama da nan da aƙalla ƙafa 1, saboda abin da ke tafe zai iya fin wanda ya wuce, kuma titi zai ci gaba da hawa. A filin jiya alamar tana kan ƙafa ɗaya da 'yan inci. Bulo inci 9 layi uku ya ba mu ƙafa biyu da kwata. Ka ga ba don in ci kuɗin mutum na ƙara ba. Bulon harsashin kuma mu za mu buga da kanmu, buhu ɗaya kada ya wuce bulo 30, mu cika ramukansa da kankare, mu shimfiɗa leda mai kauri a kai kafin bango ya tashi don danshi kada ya hau. Bulon kasuwa da ake fitar da 50 ko 60 a buhu, wanda kake murƙushe gefensa da yatsa, in ya kwana cikin ruwa bai fi tubali da komai ba.

A kan kwalbati ka riƙe wannan. Zobe mai ƙafa 3 ba rabi kawai ya ɗara mai ƙafa 2 ba, ruwan da yake wucewa da shi ya kusa ninki uku, alhali bambancin kuɗinsu bai kai haka ba. Ka yi masa bango a baki da fukafukai biyu da za su tattaro ruwa su shigar da shi, in ba haka ba ruwan zai bi gefe ya kwashe cikon. A mafita ka shimfiɗa dutse da siminti, domin nan ruwa ke fitowa da ƙarfi yana haƙa, kuma kwalbati da yawa daga baya suke fara mutuwa. Lambatu ka ba shi gangara kamar santimita 1 a kowace mita 1, ka auna da tiyon awo, wato tiyon da ake cika da ruwa a daidaita tsayi, kada ka yarda da ido. In za a rufe shi, a yi murafe da mutum biyu za su iya ɗagawa, don magudanar da ba a iya yashewa ta riga ta toshe tun ranar da aka gama ta. Babban aiki kuwa, gada ko kwalbati mai akwati a kan rafi, wannan na injiniya ne, shi zai lissafa faɗin ƙasar da ke turo ruwan. Kai dai in ka ga zanen ya saɓa wa alamar da ke jikin bango, ka faɗa masa cikin ladabi, ka kai shi ya gani.

Kuma kafin ka ɗaga gida, ka dubi na ƙasa da kai. Ruwan da ka kora daga gidan mai kuɗi gidan wani zai shiga. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana cuta da cutarwa, kuma a sana'armu nan ne wurin da aka fi saɓa wa wannan ba tare da an sani ba. Na sha ƙin aiki saboda an ce in toshe hanyar ruwa da katanga.

Daga kan ledar harsashin nan zuwa sama, ƙasa ta fi siminti, kuma dalilin da ya sa nake koya maka ita ke nan. Sauyin nan ba ruwa kaɗai ya kawo ba, har da zafi. A watan Afrilun 2024 garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5. Ka san yadda ɗakin bulo mai rufin kwano yake a watan huɗu, bango ya sha rana yini guda, da dare ya riƙa amayar da ita a kan mai barci, ga wuta ba tabbas. Bangon ƙasa mai kauri yana jinkirta zafin, shi ya sa tsofaffi ke fakewa a zaure da azahar. Sannan shi kansa simintin, wajen ƙona dutsen da ake yin sa ana fitar da kamar kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan'adam ke turawa sama, wadda ita ce ke ɗumama duniyar. Duk buhun da muka rage, mun rage wa mai aikin kuɗi, mun kuma rage namu hannun a cikin matsalar.

Ba cewa nake mu koma tubali da azara kamar da ba. Giginya ta yi ƙaranci, wadda ta rage gara a bar ta a tsaye. Abin da nake so ka ƙware a kai shi ne bulon jar ƙasa na inji, wanda ake matsewa. Ka fara da gwada ƙasar: zuba ta a kwalba zuwa kashi ɗaya cikin uku, cika da ruwa, ɗan gishiri, girgiza, ajiye ta kwana. Yashi zai kwanta a ƙasa, laka a tsakiya, yumɓu a sama. Kana son yashi ya rinjaya, yumɓu kada ya wuce kamar kashi ɗaya cikin biyar. Baƙar ƙasa mai tsagewa da rani ka bar ta. Ka tankaɗe, ka haɗa awo 1 na siminti da awo 15 zuwa 18 na ƙasa tun suna bushe har launi ya zama ɗaya, sannan ka yayyafa ruwa. Dunƙula a hannu ka saki daga daidai ƙugu: in ya fashe gida huɗu ko biyar ya yi, in ya watse gari ruwa ya yi kaɗan, in ya lafe a dunƙule ya yi yawa. Inda yara ke ɓata aikin shi ne bayan an buga. Sai su shanya a rana don ya bushe da wuri, alhali siminti da danshi yake yin ƙarfi. A rufe da leda, a riƙa yayyafi sati biyu, kada a ɗora shi a gini sai ya yi kwana 28.

Kada wani ya ce maka wannan aikin ƙauye ne. A Dandaji, cikin jihar Tawa a Nijar, Mariam Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun tsara babban masallaci da irin wannan bulo, aka gama a 2018, tsohon masallacin ƙasar kuma aka gyara shi ya zama ɗakin karatu. A jihar Tawa ɗin ne kuma magini Falke Barmu ya gina masallacin Yama da ƙasa, har ya sami kyautar Aga Khan a 1986. A Burkina Faso, Francis Kéré ya gina makarantar ƙauyensu Gando da bulon ƙasa a 2001, ya ɗaga kwano sama da silin ya bar tazara iska tana ratsawa, ya kuma zarce da bakin kwanon sosai don ruwa kada ya daki bango. A 2022 aka ba shi Pritzker, kyauta mafi girma a fannin zanen gine-gine. Dabarar kwanon nan tasa za mu yi a gidan nan in mai aikin ya amince, bakin kwano ya fito aƙalla ƙafa 2 ta gabas, inda hadarinmu ke bugowa.

Shi mai aikin, ka bar ni da shi, amma ka saurari yadda zan yi masa magana don wata rana kai za ka yi. Ba zan ce masa sauyin yanayi ba. Zan kai shi ya ga tabon da ke jikin katangar maƙwabcinsa, in lissafa masa kuɗin layi uku, in lissafa abin da zai rage in ba a zuba kankare a tsakar gida ba, da abin da bulon ƙasa zai rage masa na siminti da filasta. In ya ga ɗaya ya kusa biyan ɗaya, zai sauko.

Gobe in Allah ya kai mu ka riga ni zuwa. Ka tafi da tiyon awo da alli da kwalba biyu. Ka ɗebo ƙasa daga ramin gabas da na yamma, daga ƙasan baƙar fatar sama, ka jiƙa su ka ajiye a inuwa. Sannan ka bi layin tun daga bakin kasuwa har inda ruwan ke faɗawa babban lambatu, ka gaida duk tsohuwar da ka tarar a ƙofar gida, ka tambaye ta inda ruwan bara ya tsaya, ka ja alli a wurin. In na zo za mu ɗauko tsayin da tiyo mu kawo shi kan turakunmu.